Hannun Da Ya Rufe Fuskar Inna

Wallahi duk wanda ya sake ce mini yatsana ne, sai mun ɓata! Ku tsaya ku ji, jama'a, a kaina abin nan ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Shekarun baya ina Birnin Kudu na samu wata tsohuwar kyamara mai fim, ba wanda ya koya mini, ni kaɗai nake ta ɓarna har hannuna ya faɗa. Kuma ni ba hoton fasfo ne a gabana ba, so nake mutum ya kalli hoto ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Burina ɗaya, fuskar kakata Inna da ta rene ni. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, sai da na shekara ina naci ta ce to, amma sai a kufan kakanta can wajen Gwaram, inda ya yi rini tun kafin zuwan Turawa, ramukan marinar suna nan har yau.

Muka je a babur bayan la'asar, ta zauna bakin rami ta ce, "Kai ɗan nan, yi wa masu wuri sallama tukuna." Ni kuwa na ga rana ta kwanta a kumatunta, idonta ya ciko tana kallon ramin, na ce, "Inna, haske zai gudu!" Na danna, har sau uku.

Kwana tara tsakani Allah ya yi mata rasuwa. Na kai fim wanki, hotunan awaki da na kasuwa duk suka fito tas, amma ukun nan, innalillahi! Hannu ne shuɗi da baba har farce, da zoben azurfa, ya miƙo daga cikin ramin ya rufe fuskarta ruf. Mai wankin ya ce wai, "Malam, yatsanka ne a gilashi." Na ce, "Ni marini ne? Ka ga zobe a hannuna?"

Na koma kufan na yi ta rangaɗa sallama har muryata ta dishe, to wa zan ɗauka kuma? Kalma biyu fa ta ce in faɗa! Haushin kaina ya fi na kowa.

Don Allah in za ku ɗaga kyamara a tsohon wuri, ku yi sallama. Wanda kuma irin wannan ta taɓa samunsa ya gaya mini, hannun yana janyewa kuwa? Ni dai har yau nakan ɗauko hoton in duba ko ya ɗaga yatsa ɗaya.