Malam Mikail da Madanni Ɗaya

Shagon Malam Mikail yana daf da Ƙofar Ruwa. Tsawonsa taku huɗu, faɗinsa uku, na auna da ƙafata. Shekara ashirin da shida ya yi a ciki yana gyaran rediyo, daga baya talabijin da bidiyo suka ƙaru. Bai yi boko ba, takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin na'ura kuwa sai dai ya fifita da ita. Ya fi yarda da kunnensa. Kafin ya kwance na'ura sai ya kunna ta, ya kara kunne, ya ce wa mai ita, "Yi shiru mana, tana bayani."

A Mandawari yake zaune, layi ɗaya da gidan iyayena, kuma shi ne na hannun daman mahaifina Alhaji Mahmud a sahun masallaci tun ina ƙarama.

Abba ya rasu a watan Yuni na 1999, sati uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Don ganin rantsar da sabon shugaban ƙasa ya sa aka kafa dish, amma abin da ya kama zuciyarsu shi da Umma tashar Saudiyya ce. Magaribar Makka tana faɗowa wajen ƙarfe biyar na yammacinmu. Kullum sai su zauna a falonsa, shi da rimot uku a cinya: na talabijin, na akwatin dish, na lasifika. Madannansu casa'in da huɗu ne, kuma sai an yi danni tara a jere kafin Ka'aba ta fito.

Umma tana da yanar ido. Da ta shiga takaba ta gwada sau ɗaya, talabijin ta cika da yayyafi da ƙara, ta zare waya daga bango. Ni ina koyarwa, gidana kuma yana Ƙofar Kabuga, ba kullum nake isowa da biyar ba. Na jera mata dannin a takarda da manyan lambobi, ta ce, "Bar shi, Nafisa. Na Alhaji ne." Ba za ta roƙi kowa ya riƙa kunna mata ba. Kwana goma sha takwas tana zama da biyar ɗin tana fuskantar baƙin gilashi. Tuwon da take cin malmala biyu ya koma rabi.

Na je shagon na zayyana wa Malam Mikail. Ya jawo wani rimot daga ƙasan tebur, wanda wani ɗan kasuwa ya kawo masa daga Jidda.

"Wannan ɗalibi ne," in ji shi. "In kin haɗa kansa da na wani rimot, sai ya haddace. Danni taranki zai ɗauke su duka a madanni ɗaya."

"To mu tafi yanzu, Malam."

"Ke dai kullum kamar ana kora ki. Bari in sa hula."

A soro ya tsaya. Gidanmu ba a shiga, balle matar gidan tana takaba. Na kawo masa rimot ukun, ya shimfiɗa su a tabarma, yana haɗa kai da kai yana dannawa, ɗan jan haske yana ƙiftawa. Ni ce mai kai gwaji. Daga soro zuwa falo taku talatin da bakwai ne.

Gwajin farko talabijin ta kama, lasifika ta kama, hoto babu. Na biyu haka. Malam Mikail bai tambaye ni komai ba, daga soro ya ji.

"Tsohuwa ce talabijin ɗin nan. In an tashe ta sai ta yi miƙa. Ɗalibina yana mata magana tun ba ta farka ba. Je ki ƙirga min jiran da take buƙata."

Na kunna, na ƙirga har gilashin ya yi haske, na dawo na ce daƙiƙa shida. Ya sa jira shida. Bai yi ba. Na ce a sa bakwai. Bai yi ba. Ashe hasken ba shi ne farkawarta ba. Ina zirya ta takwas, har na fara zufa, sai Umma da ke zaune kan darduma ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Alhaji ba ya ƙirga. In ya danna jan, sai ya yi salati uku, sannan ya danna na biyu."

Na ruga soro, na faɗa wa Malam, na duba agogona, na yi salati uku. Daƙiƙa biyar.

"Biyar, Malam? Ai mun wuce nan."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wannan salatin malamar makaranta ne, mai jiran ƙararrawa. Kin taɓa jin Alhaji yana sauri? Duba agogonki."

Ya gyara zama, ya runtse ido, ya fara. Yadda Abba yake ja, da ɗan numfashin da yake yi a tsakiya, da yadda muryarsa take sauka a ƙarshe, duk ga su a bakin Malam Mikail. Ban ga agogon da kyau ba. Sai da ya maimaita.

Goma sha ɗaya.

Ya danna jira sau goma sha ɗaya, yana yi a hankali. Sannan ya ciro ɗan dutsen carbi daga aljihu, ya manna shi da gam a kan madannin, ya hura har ya bushe.

"Wannan karon ba ke za ki danna ba. Kai wa Hajiya. Ki ce inda yatsanta ya ji tudu, nan ne. Ta nuna shi gabas, wajen talabijin, kada ta sauke hannu sai ta gama salati uku."

Biyar saura minti huɗu na sa mata shi a tafin hannu. Ta shafa, ta sami tudun, ta daɗe yatsanta yana kai. Ta danna. Talabijin ta yi ƙas. Na ga leɓenta yana motsi, hannunta a miƙe. Ɗaya. Biyu. Tana rufe na uku hoton ya buɗe, mutane fari fat suna kewaya Ka'aba, sannan murya ta cika falon.

Umma ta ajiye rimot ɗin a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu.

"Ki ce wa Malam Allah ya saka da alheri. In akwai sauran fura ki dama min. Ja min labulen in kin fita."

Na je soro da saƙon. Ya riga ya naɗe tabarma, yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, kansa a karkace wajen cikin gida. Ya ɗaga min yatsa in yi shiru. Muka tsaya har ladanin Makka ya idar.