Yatsan Kaka a Wuyan Randa

Kullum da safe, in na sauka daga motar Suleja na shiga wurin aikina a Abuja, sai na ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura a bakin ƙofa. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta amince ni ne. Wallahi har yau wannan ƙarar ba ta daina taɓa mini zuciya ba, saboda kakata.

Maginiyar tukwane ce, a gidanta na tashi a unguwar Wambai. Da rani tsakar gida cike yake da randuna, ga ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, ga hayaƙin gashi da ke kama tufafi har mako guda. Da damina kuwa ko hadari ya yi gyaran murya sai mu hau kwashe ɗanyun tukwane zuwa zaure, tana bina da tsiya, wai ragon miji aka ba ta. Duk randar da ta gama, sai ta danna babban yatsanta a ƙasan wuya. Shi ne sa hannunta.

Na taɓa tambayarta, tunda Allah ya riga ya san wadda za ta fashe a wuta, wahalar me take sha? Ta ce Allah da saninsa, yumɓu da halinsa, ita kuma an bar mata ɗan abin da ke tsakanin yatsunta, kuma a kan wannan ɗan abin za a tambaye ta.

Ina sakandare 'ya'yanta suka haɗu za su kai ta Makka. Amma ba fasfo sai da rajista, ba rajista sai na'ura ta ɗauki zanen yatsu. Ni aka haɗa ta da ni, wai na iya Turanci.

Na'ura ta ƙi. Shekara hamsin na murzar yumɓu sun shafe zanen tas, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya goge mata su, ya shafa mai, ya gwada duk goman. Muka koma bayan mako biyu, haka nan. Ya ce ba laifinsa ba ne, kwamfuta ce ba ta gan ta ba. Kaka ta ce to a kira mai kwamfutar ta yi masa bayani. Ya ce ai babu wani mutum, tsari ne.

Zuwa na uku ta fito da ƙunshi a zane, ta ƙi gaya mini ko mene ne. Sai a gaban tebur ta kwance: ƙaramin tulu ne da ta gina tun tana amarya. Ta juya wuyansa, ga zanen yatsanta raɗau.

Ta ce wa ma'aikacin, "Ɗana, ga shi nan inda ya koma. Nuna wa kwamfutar wannan."

'Yan layi suka kwashe da dariya. Ni kuwa, don wauta, kunya ta kama ni, na raɗa mata ta rufe abin nan. Ta dube ni, ta ɗaure tulunta, muka kama hanyar gida.

Aka ce akwai takardar da ake cike wa irinsu, sai an aika sama. Muka cike, muka jira, alhazai suka tashi suka dawo. Ta rasu kafin wata shekarar.

Yanzu a unguwarmu robobi sun maye gurbin randuna, ni kuma aikina ke nan, shigar da bayanan mutane a kwamfuta. Shekaranjiya wani dattijo ya tsaya a gabana, ya ɗora yatsa a na'ura, allo ya nuna ja. Na duba ko an bar mini wani abu tsakanin yatsuna, ban samu ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, yi haƙuri, ba laifina ba ne."