Butar Malam da Ruwan Tsamiya

Ranar wata Laraba bayan girbin dawa, shekarar da na shiga aji uku a Sheme, butar shayin kakarmu Iya ta ƙi zubo ruwa. Baba ya karkata ta, sai ɗigo kawai, ya buɗe murfi ya leƙa. Ruwan rijiyarmu ya daɗe yana barin farin dutse a cikinta, har ya yi kanta ya toshe bakin. Baba ya ce gobe idan mai sayen gwangwan ya zo a ba shi, ya ba mu robobi. Butar kuwa ta mijin Iya ce, marigayi Malam, kuma ita kaɗai ta rage mata cikin kayansa.

Ni kuwa da rawar kaina na samo ƙusa na fara ƙwaƙula, wai ina taimako. Iya ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, huda mani ita za ki yi? Ɗauko mani tsamiya." Tsamiyar da muka ajiye ta kunu ta jiƙa, ta dama, ta tace, ta cika butar ta ɗora a murhu. Da ta tafasa ta sauke ta ajiye gindin rumbu, ta hana kowa taɓawa. Na yi shara, na ba awaki dusa, na je ɗibar ruwa sau biyu, amma hankalina yana gindin rumbun nan.

Bayan la'asar ta girgiza butar ta juye. Wallahi har yau ina jin mamakin: dutsen da ya gagari ƙusa ya riƙa faɗowa ɓaro-ɓaro kamar ɓawon ƙwai, ruwa ya fito ta bakin shar. Ta goge bayan da toka da soso. Can ƙasa sai ga wani ɗan faci na jan ƙarfe, bai fi ƙwayar wake ba. Iya ta daɗe tana shafa shi da yatsa. "Malam ne ya yi shi da hannunsa," ta ce. "Na ma manta yana nan." Baba ya karɓa ya duba. Da mai gwangwan ya zo, Baba da kansa ya ce ba abin sayarwa.

Yanzu butar lantarki gare ni, idan ta yi dutse yarana cewa suke a sayi sabuwa. Sai in aike su su sayo tsamiya. Butar tana fita fes, ina kuma leƙa ƙasanta duk da na san ba facin kowa a ciki.