Ranar da na yi ciniki da surukina

Na yi ciniki da mutane iri-iri a kasuwar Gazawa, masu daɗin baki da waɗanda ke sa mutum da-na-sanin fitowa daga gida, kuma yawancinsu yanzu ko fuskarsu ba na tunawa. Amma akwai ciniki guda da ba zai fita raina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Shi ne wanda na yi da surukina, uban matata, a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai sabulun wanka girma ba.

Sana'ata sayar da kayan waya ce: batir, igiyar sharji, da ekuter, wato abin nan da ake saƙawa a kunne. Lokaci-lokaci nakan sayi buhun tsofaffin kaya daga masu ƙetarowa da shi ta iyaka. A ɗaure ake sayar da shi, ba a kwancewa sai an biya, abin da Allah ya ba ka shi ke nan. A cikin irin wannan buhu na tsinci akwatin. Baƙi ne, da nauyi a hannu, yana da ramuka biyu da wani ɗan abin murɗawa a ka. Na ɗauka batirin ajiyar wuta ne, na jona masa waya, ko gezau. Na ajiye shi a gefen tebur yana danne mini leda kada iska ta kwashe.

Wani mutumin Maraɗi ne ya gaya mini ko mene ne. Aikinsa ɗaukar sauti a wurin biki da wa'azi, ya tsaya sayen igiya sai idonsa ya faɗa kan akwatin. Ya ce ampili ne, amma na kunne. Ana jona shi tsakanin waya da ekuter, sai ya ƙara wa magana ƙarfi ta fito tas, kamar mai yin ta yana zaune kusa da kai. Na tambaye shi kuɗinsa. Ya ce suna hawa-hawa, akwai na kuɗin kaza, akwai wanda ya fi moto, wato babur, tsada, amma irin nawa ko tsoho ne ya kai rago mai kyau. Bai saya ba, ya ce yana da irinsa. Ya hau motonsa ya tafi, ya bar ni da ciwon kai.

Don mu a nan, abin magana darajarsa ita ce inda muryarsa ke kaiwa. In ka sayi rediyo, maƙwabci ya kamata ya sani ba tare da an gaya masa ba. Duk wanda na nuna wa akwatin tambaya ɗaya yake yi: "Mutum nawa ke ji?" In ce ɗaya. Sai ya dube ni, ya dubi akwatin, ya yi mini addu'ar samun lafiya. Mai narka ƙarfe yana yin tukwane ya ɗora shi a tafin hannu ya taya shi da nauyinsa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce in za a iya huda shi zai saya ya riƙa zuba ashana. Na ce albarka har bakina ya gaji. Damina ta wuce, aka yi girbi, akwati na nan yana danne leda, matata kuwa ta raɗa masa suna gwangwanin maigida.

Shi surukina mutumin Gangara ne, kuma a zamaninsa ba a yin cinikin saniya mai daraja a kasuwannin nan ba shi a tsakiya. Dillali ne na gaske. Sai dai dillanci rabinsa raɗa ne, a ja mai dabba gefe, a ja mai saye gefe, kowa a faɗa masa tasa a kunne. Da tsufa ya ci kunnensa sai mutane suka janye, don ba wanda zai so a yi shelar abin da ke aljihunsa. Bai daina zuwa kasuwa ba. Yakan zo ya zauna wurin wani abokinsa mai sayar da igiyar dabbobi, wanda rumfarsa ke manne da tebur nawa, mutum mai murya irin ta mai kiran salla. Shi ke yi masa tafinta da ihu. Ni kuwa tunda na auri ɗiyarsa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in durƙusa, in motsa baki, ya ce lafiya lau. Suruki ba ya ɗaga wa suruki murya, shi kuma ba ya jin wadda ba a ɗaga ba, don haka muka zauna lafiya.

Yana da ɗa namiji guda, yayan matata. Shekarun baya ya kwance bajimin uban ba da saninsa ba, ya sayar, ya yi kuɗin mota zuwa Aljeriya. Tun daga ranar tsohon bai ƙara ambaton sunansa ba. In yayan ya aiko saƙon murya ta wayata, nakan jona ta da babban abin magana ranar kasuwa, duk layinmu su ji gaisuwa, tsohon ya ji gunji kawai, ya kau da kai.

Wata safiyar kasuwa saƙo ya shigo, matata ta saurara tana dama koko, sai na ga ta ajiye ludayi. Ta miƙo mini. Da ƙyar na gane muryar yayanta ce. Yana kwance a gidan likita, ƙirji ya kama shi, yana magana yana tsayawa neman numfashi. Gafarar ubansa yake nema a kan bajimin nan, kuma ya roƙa kada wani ya faɗa masa, a bar shi ya ji da kunnensa. Hankalina ya tashi. Wannan ba maganar da za a sa wa kasuwa ba ce, kuma ba wadda mai igiya zai maimaita da ihu ba ce. Matata ta share ido ta ce, "To gwangwanin nan naka, ba ka ce mutum ɗaya yake yi wa magana ba?" Wallahi ni da na kwana da shi wata da watanni abin bai taɓa zo mini ba.

Da hantsi tsohon ya iso. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi mai igiya ya ce masa ya gwada wani abu. Na zaɓi ekuter mai rufe kunne duka, na ɗora masa a kan hula, na murɗa akwatin, na taɓa saƙon. Sallamar ɗan kawai ta fita. Na ga tsohon ya zabura, ya waiga bayansa. Sai ya sa hannu biyu ya cire abin, ya ajiye a kan tebur, a hankali.

"Na wa ne?" ya tambaya, da muryar nan ta kurame da ake ji har rumfar mahauta.

"Na mijin ɗiyarka ne!" in ji mai igiya.

"Nawa?"

Kaina a ƙasa na ce a gaya wa Baba ai kayansa ne. Da aka isar masa sai ya ɓata rai.

"Kayana? Yaushe na saye shi? Tebur ɗin ga shi ke ciyar da ɗiyata da jikokina. In ɗauki abu bisa kai in wuce, gobe a ce tsoho ya ci jarin suruki?"

Na ce to a roƙe shi ya saurari saƙon tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya.

"Ba a tatsar saniya kafin a saye ta," ya ce, ya naɗe hannu.

Na san ya gane muryar wa ya ji. Amma mutumin nan ya yi rayuwarsa duka bai taɓa ɗaukar abin sayarwa ba ciniki ba, kuma ba a gaban kasuwar da ta san shi zai fara ba. Na yi sauri na ce to ya ba da kuɗin ƙwaryar fura. Ya ce mai kaya ba ya taya kayansa, mai saye ke tayi, ko a lakol, makarantar bokon nan, ba su koya mini ba? Sannan ya tambaya ko an taɓa sa masa kuɗi. A nan ne mai igiya, wanda ba wanda ya aike shi, ya buɗe maƙogwaro ya zayyana labarin mutumin Maraɗi kaf, har da ragon. Na harare shi, ya ce shi shaida ne, ba ya ɓoye gaskiya.

Tsohon ya ɗauki akwatin ya shiga dubawa kamar yadda ya saba duba dabba. Ya juya cikinsa, ya ƙwanƙwasa, ya kai kusa da ido. Ya tambaya me yake ci, aka ce wuta, kwana biyu sau ɗaya. Ya tambaya yana da wani ciwo, na nuna masa inda fenti ya goge. Ya ce wannan tabo ne, ba ciwo ba. Sannan ya ce, "Na taya shi da ragon da na ɗaure don layya."

Ragon nan na san shi, shi kaɗai ya rage masa a turke. Na ce, "Albarka."

Ina jin tunda aka kafa kasuwar Gazawa ba a taɓa cewa albarka don kuɗi sun yi yawa ba sai ranar. Mutane suka fara taruwa. Na ce ɗan akuya ya isa. Ya ce ba da yaro yake ciniki ba. Na sauko zuwa zakara, ya ce ragi ake yi wa mabaraci, shi bai zo bara ba. Ni ina ja ƙasa, shi yana tsaye a sama, mai igiya na tsakiya yana kai ihu yana kawowa, gumi har gemu. Wani daga baya ya ce a bar su, surukai ne, kunya ce ke ciniki. Aka yi dariya, ni kuwa ba abin da ke kaina sai numfashin nan da na ji da safe.

Can sai tsohon ya jawo takalmansa, ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce ciniki bai faɗa ba, Allah ya kawo wani mai saye. Ya juya ya nufi inda motocin Gangara ke lodi. Ba wasa yake ba, kowa ya san shi. In ya tafi sai wata kasuwar, kuma ban ga alamar mai saƙon zai kai wata kasuwar ba.

Mai igiya ya matso, kuma ran nan na fara sanin yana da ƙaramar murya. Ya ce, "Yaro, kai kana gudun a ce ka ci ragon suruki, wancan kuma shina can shina jiran ubansa. Sallama mashi." Na ce to ya kira shi. Ya ce a'a, sallama daga bakin mai kaya take fitowa.

Na miƙe tsaye. Ni da ban taɓa bari ya ji ko tarina ba, na cika ƙirji na kwarara ihu a tsakiyar kasuwa: "Baba! Na sallama!" Kunya ta rufe ni. Ya tsaya. Ya juyo, ya dawo ba gaggawa, ya miƙo mini hannu, na riƙe da hannu biyu. Ya ce jama'a su shaida, suka ce sun shaida. Sannan ya zauna a kan tabarmar mai igiya, ya ba kasuwa baya, ya ɗora abin a kunne da kansa.

Ba wanda ya ji komai sai shi. Ni dai ƙeyarsa nake kallo, da goron da ke hannunsa wanda ya ɓare bai kai baki ba. Da saƙon ya ƙare ya ɗaga yatsa, na sake sa masa. Bayan nan ya tambaya ina ake mayar da magana. Na danna masa, na kai wayar kusa da bakinsa. Duk wahalar da na sha don kada kasuwa ta ji sirrin gidansu, sai ga shi ya buɗe murya gaba ɗaya:

"Kai! Na ji ka da kunnena. Bajimi an daɗe da cinye shi. Na yafe maka duniya da lahira. Ka sha magani."

Har masu awon gero sun ji. Ba wanda ya yi dariya, mai igiya ma ya sunkuya yana warware igiyar da ba ta harɗe ba. Ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Da la'asar wani abokin aikin yayan matata da ke jinyarsa ya aiko cewa majinyacin ya ji, har ya sa an maimaita masa. Kafin kasuwa ta zagayo aka aiko da rasuwarsa. Ana cikin zaman makoki sai ga rago a ƙofar gidana, an ɗauro shi a bayan moto daga Gangara, da saƙon cewa ciniki ciniki ne. Ban iya sayar da shi ba, ban kuma iya yanka shi don kaina ba. Na kiwata shi har ranar sadakar arba'in, na kai na ce sadaka ce ga mamaci. Wannan kam, tsohon bai da ikon mayarwa. Ya dafa bayan ragon, ya matsa ƙugunsa, ya ce da ƙarfi a gaban mutane ya rame a hannuna.

Abin da na koya ran nan ban same shi wurin wani ɗan kasuwa ba. Kaya ba su da kuɗi guda. Akwatin da kasuwa duka ta ce bai kai ƙwaryar fura ba, a wurin mutum ɗaya, a rana ɗaya, rago ma araha ne. Kuma na gane akwai mutumin da in kana son taimakonsa ba kyauta za ka yi masa ba, barinsa za ka yi ya biya, ya ɗauki abinsa da mutuncinsa. Tun daga lokacin, in dattijo ya tsaya a tebur nawa ya ce nawa, nakan faɗa masa gaskiyar kuɗin, in karɓa da hannu biyu, don na ga yadda kara ta kusa hana wani jin gafarar ubansa.