Tabon da Na Gani a Hantar Baba

Har yau in na ji ƙamshin bandar kifi, ranar nake tunawa. Lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, mai rubuta waƙoƙi a bayan littafi, wadda kowa a gidanmu na Haɗejiya ya ɗauka ta san komai. Mahaifina masunci ne. Da ciwon ciki ya matsa masa, ni na raka shi Kano aka ɗauki hoton hantarsa. Sun fara ɗura masa wani ruwa ta jijiyar hannu, ya ce ɗumi ya bi jikinsa kamar ya shiga gulbi da la'asar. Ni aka miƙa wa hoton, ni aka gaya wa ranar komawa wurin likita.

Da muka dawo, Inna na bandar kifi, na ɗaga hoton a hasken tsakar gida. Ƙananan hotuna ne a jere, layi-layi. A na farko hanta ta yi haske kamar fadamar da ruwa ya malale, ga wani baƙin tabo a ciki kamar tsibiri. Nan idona ya tsaya. Na yanke cewa ciwon daji ne, kuma ba zan iya jin likita ya faɗa a gabansa ba. Na ɓoye hoton a ƙasan akwati, na ce hutu kawai aka ce ya yi. Ranar komawa ta zo ta wuce, ba mu je ba.

Baba bai tambaye ni komai ba, fuskata ya karanta. Ya bai wa ƙaninsa kwalekwale da komar kamun kifi, ya nemi gafarar kowa, ya koma zaman tabarma. Damina biyu ruwa ya zo ya janye, yana hangensa daga ƙofar gida. Yakan tsokane ni, wai malamarsa ta mai da agwagwa kaza.

'Yan'uwa, karatun da ba naka ba kada ka yi wa wani fassararsa, ko da tausayi ne ya sa ka. Bayan shekara biyu na nuna wa wata likita hoton, ina kuka. Ta ce ruwan allurar ba lokaci ɗaya yake ratsa hanta ba, shi ya sa ake ɗaukar hoton kashi-kashi. Ta ɗora yatsa a layin ƙarshe, wanda ban taɓa duba ba. Tabon ya cika da haske a hankali daga gefe zuwa tsakiya, kamar tafkin da ambaliya ke isa a ƙarshe. Dunƙulen jijiyoyin jini ne marar lahani, wataƙila da shi aka haifi Baba.