Ranar da Hajiya ta ƙi faɗin sunan ɗanta

Da nake karatun shari'a a Paris, ba abin da nake so kamar labarin manyan shari'o'in bayan yaƙin duniya, inda tafintoci ke zaune bayan gilashi duniya tana sauraronsu. Ni ma haka na yi mafarki. Da Allah ya tashi, sai ya ajiye ni a wani ƙaramin ɗakin kotu a Lyon, ina tafinta ga mutanenmu masu rigimar takardu.

A nan na haɗu da wata Hajiya 'yar garin Tawa. Ɗanta, magidanci mai shago a unguwar La Guillotière, ya ɗauko ta don jinyar ƙoda. Aka hana ta takardar zama, wai ba a tabbatar ita ta haife shi ba. In ta faɗi shari'ar, gida za ta koma, jinya ta tsaya.

Mai shari'ar, wata dattijuwa mai furfura, ta tambaye ta sunan ɗanta. Na fassara.

Hajiya ta ja mayafi ta ce, "Wanga? Ai ga shi nan zamne."

Aka sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Na ga lauyan gwamnati yana rubutu, na kuma san abin da zai ce. Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba! Ni kuwa na san komai: ɗan fari ne, kuma uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari. Amma tafinta baki ne kawai, ba a ba shi izinin sharhi. Haushi kamar in fashe.

Sai mai shari'a ta cire tabarau ta dube ni. "Malam tafinta, na ga kamar akwai abin da ban gane ba. Mene ne?"

Wallahi har yau ina yi wa matar nan addu'ar alheri. Tana iya wucewa, amma ta tambaya. Na yi mata bayani, na ƙara da cewa ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Sai mai shari'a ta ce ta janye tambayar. A madadinta, Hajiya ta ba da labarin ranar haihuwarsa. Nan fa baki ya buɗe: ruwan saman da aka yi, ungozomar da ta makara, tabon wutar da ke cinyarsa. Sai da na roƙe ta ta rage gudu.

Bayan makonni takarda ta fito. Ɗan ya kira ni yana ta godiya, sannan ya yi dariya mai ɗan rawa.

"Malam, ka san wani abu? Ran nan har na saurara. Na ɗauka za ta faɗa."