Saniyar da Malam Habu Bai Ƙarasa Ba

Da safen nan ina ɗaure buhu a bayan babur aka bugo mini waya: Malam Habu mai fenti ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu jikina bai gama yarda ba.

'Yan Gwarzo kun san shi, ko ba ku san sunansa ba kun san hannunsa. Allon shagon aski, zakin da ke bayan manyan motoci, kwalbar lemo a bangon mai shayi, duk shi ne. Kullum yana kan tsani cikin rana, rigarsa ta sha kala har ba a san asalin launinta ba. Na taɓa tsokanarsa cewa zakinsa ya fi kama da magen gidanmu. Ya yi dariya ya ce, "Haka direban ya ce yana so. Magen nan ita ke ciyar da yarana."

Abin da ya haɗa mu daban ne. Tun da ɓarayi suka kore shanunmu, mahaifina ya daina fita. Yana zaune a zaure a garinmu Dugabau, ba hira, abinci sai an yi ta lallashi. Tsoro ya kama ni, don ina gani yana ƙarewa a zaune.

Sai na ɗauko Malam Habu ya zana masa garken a bangon zaure. Babu hoto ko ɗaya, sai abin da Baba ya tuna.

Ranar farko Malam Habu bai ko buɗe gwangwanin fenti ba. Ya zauna a tabarma ya ce, "Baba, wacce ke shiga gaba in za a tafi rafi?"

Baba ya ce, "Kyalla."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Yana lumshe ido yana faɗa, Malam Habu yana zanawa. In ƙaho ya karkace Baba ya ce a goge, shi kuma ya goge ba ƙorafi. Da yamma in rana ta shigo ta ƙofa, wallahi sai ka ga kamar suna tafiya a hankali cikin ciyawar damina. Na sha jin Baba yana kiran su da suna.

Saura guda, wata ja, da gawayi kawai aka fitar da siffarta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Gwarzo ce, yana saman tsani. Ya leƙo ya ce, "Ka gaya wa Baba jan fenti ne ya yanke. Ina samu zan zo in shigar da ita cikin 'yan'uwanta."

Ɗazu na durƙusa na gaya wa Baba, ina tsoron kada ya koma shirunsa na da. Ya daɗe yana kallon bangon. Na ce zan nemo wani ya ƙarasa.

Ya ce, "Bar ta haka. Da ma ita ce kullum ke zuwa a ƙarshe."

Sannan ya ce in miƙo masa takalmansa da sanda, in kai shi Gwarzo gaisuwa. Mutumin da ko ƙofar gida ya daina takawa.

Allah Ka jiƙan Malam Habu, Ka sanyaya makwancinsa, Ka dubi wahalar da ya sha a rana don neman halal, Ka raya abin da ya bari. Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.